Tarihin Binciken Al'ummomin Soshiyal Midiya

Masana ba su yi ittifaƙi kan mafarin wannan fanni ba. Wasu na ƙirgawa daga 1993, shekarar da Howard Rheingold ya wallafa littafinsa kan jama'ar dandalin intanet na WELL a Kalifoniya, sai dai labarin zamansa cikinsu ya bayar. An fi ganin tsari a aikin Robert Kozinets na shekarun 1990 da littafin Christine Hine na 2000. Hanyarsu ta masu nazarin al'adu ce: ka shiga cikin mutane, ka daɗe, ka kasa kunne, ka rubuta.

Zuwan Facebook da Twitter ya sauya salon. Maimakon zama da mutane, sai aka koma kwasar miliyoyin saƙonni da kwamfuta, kuma tun nan rigimar izini ta kunno kai. A 2008 an saki bayanan Facebook na ɗalibai kimanin 1,700 bayan goge sunayensu, amma cikin 'yan kwanaki aka gano 'yan Harvard ne. A 2014 ta bayyana cewa Facebook ya jirkita abin da mutum kusan 689,000 ke gani na tsawon mako guda a Janairun 2012, don auna ko ɓacin rai na yaɗuwa. Ba wanda aka tambaya.

Badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018, wadda ta shafi bayanan Facebook na mutum har miliyan 87, ita ta ba kamfanonin hujjar tsuke ƙofa, kuma masu bincike na gaskiya ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Twitter ya daina ba da bayanai kyauta a 2023, Meta, mai Facebook, kuma ta rufe manhajar bibiyar saƙonni ta CrowdTangle a Agustan 2024.

A ƙasar Hausa matsalar ta wuce nan. Zance mai yawa a zaurukan WhatsApp yake, sau da dama cikin saƙon murya, inda na'ura ba ta leƙawa. Masu nazarin rawar WhatsApp a zaɓen Najeriya na 2019 sai da suka zauna hira da mutane ido da ido a Kano da Oyo. Rubutun ma ba sauƙi: ana barin ƙ da ɗ ba lanƙwasa, ana cakuɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya. Shi ya sa masu aikin binciken NaijaSenti, a 2022, suka sa masu jin harshen tantance dubban saƙonnin Twitter ɗaya bayan ɗaya.