Zogale: Daga Dangar Gida Zuwa Garken Shanu

A gidajenmu zogale abincin mutane ne. Mun san shi a kwaɗo da ƙuli-ƙuli, a dambu da cikin miya. Akuyar da ta miƙa wuya ta tsinki ganyensa ta saman danga kuwa, jifa take sha. To yaya aka yi yau ake maganar ba wa shanu shi da gangan?

Asalin bishiyar arewacin Indiya ne, a gindin tsaunukan Himalaya. Sunan Moringa da masana ke kiran ta da shi ya samo tushe daga "murungai" na harshen Tamil, kuma Bafaranshe Lamarck ne ya tabbatar mata da sunan kimiyya a 1785. A ƙasar Hausa sunayenta ne ke ba da labarinta. "Bagaruwar Makka" na nuna cewa kakanninmu sun ɗauke ta a matsayin baƙuwa daga gabas, "samarin danga" kuma na faɗa mana aikin da suka ba ta. Likitan nan J. M. Dalziel ya tarar da ita ta zama 'yar gida sa'ad da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916.

Ba wa saniya ganyen itace ba sabon abu ba ne a wurinmu. Idan rani ya tsananta, busasshiyar ciyawa da karan dawa ba su da isasshen furotin, ƙwayoyin halittar da ke narkar da abinci a tumbin saniya sai su kasa aiki, ta ci amma ta rame. Shi ya sa tun da daɗewa makiyaya ke hawa maɗaci da kawo da maɗobiya su sassabo ganye, su kaɗo 'ya'yan gawo. Zogale bai shiga wannan sahu ba domin ba a daji yake ba. A bayan ɗaki yake, a hannun mata, guda biyu ko uku, daidai tukunya.

Canjin ya faro ne daga nesa, a Nikaraguwa ta yankin tsakiyar Amurka, inda suke ce masa "marango". A shekarun 1990 wani mai bincike, Nikolaus Foidl, da abokan aikinsa suka daina kallon sa a matsayin bishiya. Suka shuka shi cunkus kamar ciyawa, suna yanke shi yana ɗan ƙarami duk bayan 'yan makonni, yana sake tohowa. A 1996 Makkar da Becker na Jami'ar Hohenheim a Jamus suka nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyen furotin ne, kuma ba shi da yawan sinadarin baurin nan da ke hana dabba amfana da ganyen wasu itatuwa.

Gwajin da aka fi ambato shi ne na Nadir Reyes Sánchez da abokansa, wanda aka buga a 2006. Shanun gida na Nikaraguwa da ke cin busasshiyar ciyawa suna ba da nono kilo 3.1 a rana. Da aka ƙara musu zogale daidai kilo 2 na busasshen nauyi, nonon ya kai kilo 4.9. Da aka kai kilo 3, ya tsaya a 5.1. Mu lura da wannan: kilo na uku bai ƙara abin kirki ba. Zogale mahaɗi ne, ba ya maye gurbin ciyawa. A Tanzaniya ma, masu bincike na Jami'ar Sokoine sun gwada shi a madadin wani kaso na tunkuzar angurya ga shanun tatsa. Daga baya aka gano a Nikaraguwa cewa ɗanyen ganye da yawa kan sa wa nono warin ciyawa, amma wanda aka turɓune ya tsimu ba ya yin haka.

Idan muka dawo gida, matsalar ta kasuwa ce. A lambunan Maraɗi da Yamai, da kasuwannin Kano da Katsina, buhun zogale kuɗi ne. Ba matar da za ta zuba wa sa abin da za ta sayar ta yi cefane. Sai dai burtali na ƙara matsewa, makiyaya na komawa gonaki, dusa da angurya na ƙara tsada. Darasin Nikaraguwa shi ne a ware wa dabba fegi nata, a shuka cunkus, a yi ta yanka. Ko tsinkayen da suka rage bayan an zage ganye, waɗanda muke zubarwa, abincin dabba ne.

'Yan'uwa marubuta, ɓangaren Jamus da Nikaraguwa na wannan tarihi a rubuce yake, da shekaru da alƙaluma. Namu yana bakin tsofaffi. Wa ya fara kafa zogale a unguwarku? Da wane suna kakarku ke kiran sa? Wane itace Fulanin yankinku ke sassaba a bazara, kuma har yanzu yana nan? Mu tambaya mu rubuta tun masu amsar suna raye.