Masu Bin Sawun Annoba

A shekarar 1951, yaƙin Koriya na ci, hukumomin Amurka suka shiga fargabar kada abokan gaba su watsa musu ƙwayoyin cuta ta ruwa ko ta iska. Wani likita mai suna Alexander Langmuir, shugaban sashen nazarin annoba a cibiyar CDC da ke Atlanta, ya yi amfani da wannan tsoro ya nemi abin da ya daɗe yana so. Hujjarsa ita ce, in aka kawo irin wannan hari, wanda zai fara ganewa shi ne mutumin da ya saba lura da cewa marasa lafiya sun yi yawa a wani gari fiye da yadda aka saba. Aka ba shi kuɗi, ya ɗebi matasan likitoci ashirin da 'yan kai, ya kafa shirin da ake kira EIS. Harin bai zo ba, amma shirin yana nan har yau, kuma daga cikinsa aka samu da yawa daga mutanen da suka jagoranci yaƙi da cututtuka a duniya.

Yadda Langmuir ya horar da yaransa ne ya sa nake wannan rubutu. Makonni kaɗan suke yi a aji. Sauran shekara biyun a hanya suke cinye su: duk inda aka bugo waya cewa cuta ta ɓulla, sai a tura ɗaya daga cikinsu, sau da yawa shi kaɗai, ya je ya gano su wa suka kamu, a ina, kuma yaushe. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya tambaya, ya ƙirga, ya zana taswira, ya dawo ya tsaya gaban manyansa su yi masa tambayoyi har sai gumi ya karyo masa. Tambarin shirin ma takalmi ne da tafinsa ya huje don yawo. Sun gaji wannan ɗabi'a daga John Snow, wanda a 1854 ya bi gidajen wata unguwa a Landan yana rubuta inda kwalara ta kashe mutane, har ya gano duk daga famfo ɗaya suke ɗiban ruwa. Gwajin farko mai girma ya zo wa yaran Langmuir a 1955, lokacin da sabuwar allurar shan-inna ta fara shanye ƙafafun yaran da aka yi wa ita. Cikin kwanaki suka bi sawu suka tabbatar daga kamfani ɗaya, Cutter, gurɓatacciyar allurar ta fito. Aka janye ta, aka ci gaba da sauran.

Mu a nan, ta hanyar agana muka fara haɗuwa da almajiran wannan makaranta, ko da ba mu san sunanta ba. Yaran yanzu ba su san agana ba, alhamdu lillahi. Mu mun taso mun ga dattawa da fuska duk ramuka, mun ga makafin da ita ta tsiyaye musu ido, mun ji yadda ake fitar da mai ita bayan gari a yi masa bukka. Lambar da ke dantsena na hagu ta wancan zamanin ce, lokacin da ma'aikata suka zo da bindigar allura da ake taka wa feda da ƙafa, aka jera mu a ƙofar gidan mai gari.

Shugaban shirin kawar da agana na Hukumar Lafiya ta Duniya, D. A. Henderson, yaron Langmuir ne. Haka ma William Foege, wanda ke aikin asibitin mishan a yankin Ogoja, a gabashin Nijeriya. A watan Disamba na 1966 aka sanar da Foege cewa agana ta ɓulla a wani ƙauye, ga shi maganin lamba da ke hannunsa bai taka kara ya karya ba. Tsarin da aka sani a lokacin shi ne a yi wa kowa da kowa lamba. Tunda abin ba zai isa ba, sai ya koma ga abin da aka koya masa. Ya yi magana da 'yan mishan ta rediyon da suke gaisawa da ita kowane dare, ya raba musu yankuna, suka aika 'yan saƙo ƙauye-ƙauye a tambayo inda ake da mai agana. Da amsa ta dawo, sai aka yi lamba ga iyalan masu cutar da maƙwabtansu, sannan aka bi kasuwanni da garuruwan dangi inda ake jin cutar za ta nufa. Aganar ta mutu a yankin alhali ɗimbin jama'a ba a taɓa su da allura ba. Wannan dabara ta nemo mai cuta a kewaye shi ita aka ɗauka zuwa sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda aka ga mai agana na ƙarshe a 1970, a Nijeriya. Foege ya tafi da ita Indiya. Mutum na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a gari shi ne Ali Maow Maalin, a Merka ta Somaliya, cikin Oktoban 1977, kuma a 1980 aka shelanta cewa agana ta ƙare a duniya.

Abin da ke ci mini rai a wannan labari shi ne, sunayen da tarihi ya riƙe duk na baƙi ne. 'Yan saƙon da suka taka ƙauyukan Ogoja, da masu lambar da suka kwana a daji daga Sakkwato har Borno, da dagatai da masu unguwannin da suka tara jama'a, su ne ƙafafun aikin. An koya musu riƙe bindigar allura, amma kaɗan ne aka koya wa zama da alƙaluma su yanke shawara. Da aka gama, ƙwararrun suka koma gida suka zama shugabanni (Foege ya riƙe CDC daga 1977), namu kuwa aka watse. Muna da duba-gari tun zamanin En'e, masu shiga gida su leƙa randa da masai, sai dai da tara da tsoro aka san su. Mutumin da ake ɓoye wa tulu idan ya shigo, ba shi za a gaya wa akwai yaro kwance a ɗaka ba.

Wasu ƙasashe sun riga mu farga. Tailan ta kafa nata shirin irin na Langmuir a 1980, wasu suka bi, har ƙasashen Afirka suka haɗa ƙungiyarsu ta AFENET a 2005, mai hedikwata a Kampala. Kafin mu kai ga namu, sai da muka sha wuya. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, amma tsoron yana da tushe: mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara. Kafin a dawo da ɗigon a 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya, cutar ta tsallaka iyaka, ta sake ɓulla a ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita. A ganina abin da aka rasa a lokacin shi ne isassun 'yan gida masu ilimin abin, waɗanda za su zauna gaban malami ko hakimi su amsa tambaya da harshen da yake ji, ba tare da raini ba.

A 2008 aka buɗe namu shirin, NFELTP, haɗin gwiwar ma'aikatun lafiya da noma na tarayya, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Ibadan, da tallafin CDC. Shekara biyu ne, kashi uku cikin huɗu a fagen aiki. An yi hikima da aka haɗa likitocin mutane da na dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje a aji ɗaya, domin murar tsuntsaye da ta shigo a 2006 ta nuna cuta ba ta san bambancin ma'aikatu ba.

Ba su daɗe da farawa ba Zamfara ta kira. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, ba sauƙi. Ayarin da ya je bincike a watan Mayu, har da ɗaliban NFELTP, ya yi abin da Snow ya yi: gida-gida a Dareta da 'Yargalma, ana tambayar uwa yara nawa ta haifa, nawa suka rage, me ake yi a tsakar gidan nan. Lissafin ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Sai tambaya ta ƙarshe ta buɗe sirrin. Farashin zinare ya tashi a duniya, maza na haƙo dutse su kawo gida, ana farfasa shi a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, a shanya a inda yara ke rarrafe. Dutsen cike yake da dalma. Jinin wasu yaran, da aka auna, ya wuce iyakar abin da na'urar hannu ke iya nunawa. An ƙiyasta yara wajen 400 ne suka mutu.

A duba irin shugabancin da wannan aiki ya nema. Magani yana nan, mai jawo dalma daga jini, amma ba shi da amfani in yaron zai koma ya zauna a ƙasar da ta sa masa gubar. Dole sai an kankare ƙasar kowane tsakar gida an zuba sabuwa. Dole a shawo kan magidancin da ya fara ganin kuɗi a hannunsa karo na farko ya fitar da sana'arsa bayan gari, ba tare da ya ji za a raba shi da abincinsa ba, domin in ya ji haka sai ya ɓoye gawa ya ɓoye dutse. Dole a bi gwamnati a karɓo kuɗi, kuma garin Bagega sai 2013 aka share shi saboda jinkirin sakin kuɗin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koyo a kan allo.

Ni a aikin shan-inna na san ɗaliban NFELTP. A 2012 Nijeriya ke da yara 122 da cutar ta shanye, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. A shekarar aka kafa cibiyar ba da umarnin gaggawa a Abuja, aka kuma ɗebi waɗanda suka sami horon nan aka zaunar da su a ƙananan hukumomin da abin ya fi ƙamari, ƙarƙashin shirin NSTOP. Ina aikin sa ido kan cututtuka a ƙaramar hukuma a lokacin. Ƙa'idar ita ce, duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya, a ɗauki bayan gidansa sau biyu, da tazarar kwana guda, cikin mako biyu, a sa a akwatin sanyi a aika Ibadan ko Maiduguri. Mun san ƙa'idar tun da. Abin da matashiyar likitar da aka turo mana ta ƙara shi ne tambaya. Ta kan ɗauki takardar da muka cike ta ce, "Malam, wannan mazaɓar da ba a taɓa samun ko yaro ɗaya ba, babu ne, ko ba a je ba?" Sai ta hau bayan babur mu tafi. Ta sa muka riƙa zama da masu ɗori da wanzamai da ungozomomi, don wurinsu ake fara kai yaron da ƙafarsa ta saki. Ta sa muka nemi ruggagen da ba sa cikin taswirar kowa. Kuma ba aikin wasa ba ne: a Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan ɗigo tara a Kano. Sauran suka ci gaba da fita.

Ribar wannan shiri ta fito a inda ba a zata ba. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta kamu, ta rasu. Birni mai miliyoyin mutane, masana a duniya suka riƙe baki. Sai aka ɗauko tsarin cibiyar shan-inna kacokan, aka ɗora Dakta Faisal Shuaib a kai, aka kira ɗalibai da tsofaffin ɗaliban NFELTP. Suka bi mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, a Legas da Fatakwal, ana zuwa wurin kowa kullum da ma'aunin zafi har kwana 21, ziyara wajen 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta fita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen da suka tsare Legas a ƙauyukan Arewa suka koyi bin sawu. Bayan shekara shida, ranar 25 ga Agustan 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji.

Yanzu muna da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC da doka ta tsayar da ita a 2018, muna da 'yan ƙasa da ake ɗauka su jagoranci aiki a Hukumar Lafiya ta Duniya, irin su Dakta Chikwe Ihekweazu. Sai dai kaso mai yawa na kuɗin da aka horar da mutanen nan daga waje ya zo, musamman Amurka, kuma a 2025 Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta rushe hukumar agajinta ta USAID. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, da kwalarar kowace damina, da sanƙarau na kowace bazara, ba za su jira wani ya sake tausaya mana ba. Ƙananan hukumomi 774 gare mu. Kowace tana bukatar jami'in da aka koya wa tambaya da ƙirga, da babur mai lafiya, da kuɗin mai, da akwatin sanyi, da wani na sama da shi da zai karanta rahotonsa ya kira shi a waya. Gwamnoni da 'yan majalisun jihohi ne ke da ikon sa wannan a kasafi, kuma su nake jira in ji sun kawo maganar a zaman kasafin da ke tafe.