Daga Gindin Zugazugi Zuwa Farm Centre

A maƙerun Kano na da, ba a rubuta wa ɗan koyo amfanin awartaki ko masaba. Yana gindin zugazugi, idonsa na kan hannun maigidansa, har ya gane wane ƙarfe ake kamawa da wane awartaki. In ya miƙo wanda bai dace ba, harara kaɗai ta ishe shi.

Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, kasuwar Farm Centre da ke Tarauni ta zama matattarar masu gyara, kuma can mu 'yan Gyaɗi-Gyaɗi muke kai wayoyinmu. A nan na fara ganin kayan aikin da sai an karanta: manhajar sake wa waya tsari, kowane maɓalli da ɗan bayaninsa na Turanci. Wannan na cire makulli, na kusa da shi na share komai, har hotunan biki. In bayanin bai raba su ba, mai waya ne ke kuka.

Yanzu na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ce ke karatun. A tsarin MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024 don haɗa irin wannan na'ura da kayan aiki, kowane kayan aiki na zuwa da suna, da bayani, da jerin abin da za a ba shi. Ƙirƙirarriyar basira ba ta ganin hannun maigida, rubutun kawai take bi. Shi ya sa ake gwada bayanin da ayyuka na gaske, a ƙirga sau nawa ta ɗauki kayan da ya dace. Ni dai abin da nake fara dubawa, shin bayanin ya faɗi abin da kayan zai goge?