Ƙaron Boswellia da ciwon gwiwa

A cikin magungunan itatuwa da ake sayarwa don ciwon gwiwa, ƙaron bishiyar Boswellia serrata yana cikin waɗanda aka fi gwadawa a kan marasa lafiya. Bishiya ce ta ƙasar Indiya, dangin itacen lubban. Ana tsaga ɓawonta ƙaro ya fito, a tace shi a zuba a kafso. Sinadaran da ke cikinsa suna rage aikin wasu abubuwan da ke haddasa kumburi a jiki.

Ciwon da aka gwada shi a kai shi ne amosanin gwiwa na zaizayewar guringuntsi, wanda ya fi kama masu shekaru da masu ƙiba. Wani nazari na shekarar 2020 ya tattara gwaje-gwaje 7 da suka ƙunshi mutum 545, ya nuna raguwar ciwo da sagewar gwiwa. Sai dai gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma na ɗan lokaci. Sauƙin da za ka samu matsakaici ne, kuma ba ya mayar da guringuntsin da ya riga ya cinye, ko me mai talla ya faɗa maka.

Yawancin gwaje-gwajen sun yi amfani da miligiram 100 zuwa 250 a rana. Ba ya aiki nan take kamar farasitamol. Akan ɗauki mako 4 ko fiye. Idan ka yi wata 3 ba ka ga canji ba, ka daina ɓata kuɗinka.

Hano, ko ararrabi, da muke da shi a dazukan arewacin Najeriya ɗan'uwansa ne, amma jinsinsu daban. Jiƙon ɓawon hano ba shi ne abin da aka gwada ba, don haka kada ka ɗauka ɗaya suke.

Yakan jawo tashin zuciya, ƙwannafi ko gudawa. Mai juna biyu da mai shayarwa su guje shi. Idan kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ka tambayi likitanka kafin ka fara. Ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalin, kuma ka ci gaba da motsa jiki da rage nauyi, domin shaidar amfaninsu ta fi ta kowane kafso ƙarfi.

Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko ta kasa ɗaukar nauyinka bayan faɗuwa, ba ta wannan maganin ba ce. Ka je asibiti a ranar.