Yadda ake koyon ɗaura ƙwaron yaudarar kifi

A kogunan Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashe masu sanyi akwai wani salon fatsa da ba a sa wa ƙugiya tana ko guntun nama. Maimakon haka, mai fatsar kan naɗa wa ƙugiyar zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, sannan ya jefa ta ruwa domin ruɗin kifi, musamman wanda Turawa ke kira tirawut da kuma salmon.

Wannan ƙwaro na yaudara ba shi da nauyin da zai kai shi nesa, don haka nauyin igiyar ne ke ɗauke shi idan aka wurga. Ana sayar da shi a kantuna, amma masu fatsa da yawa sun fi son su ɗaura nasu da hannu.

Asalin sana'ar

Bayani mafi daɗewa da aka fi ambata shi ne na Aelian, wani marubucin Rum wanda ya rayu wajen shekara ta 200 miladiyya. Ya ba da labarin masunta a Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashin zakara guda biyu.

A Ingila kuwa, wani littafin fatsa da aka buga a 1496 ya lissafa ƙwari 12 da watannin da ake amfani da su. A 1886 Frederic Halford ya wallafa littafi kan ƙwaron da ke tsayawa a saman ruwa, har mabiyansa suka riƙa ganin duk wata hanya dabam a matsayin rashin ladabi. G.E.M. Skues ya saɓa musu a 1910, bisa hujjar cewa kifi ya fi cin abincinsa a ƙarƙashin ruwa.

Wannan saɓani ya shafi ɗan koyo, domin ƙwarin da kifin ke ci sukan yi mafi yawan rayuwarsu ne cikin ruwa a matsayin tsutsa, kafin su yi fuka-fuki su tashi a taro guda, kamar yadda gina ke fitowa bayan ruwan sama. Kowane mataki da irin ƙwaron da ake ɗaura masa.

Kayan aiki

Kayan farawa ba su da yawa. Akwai ɗan mamatsin ƙarfe da ake kafawa a tebur ya riƙe ƙugiya, da mariƙin kwarkwaron zare, da ƙaramin almakashi mai tsini, da hantsaki na kama gashi. Cikin waɗannan, mamatsin da almakashin ne bai kamata a yi musu rowa ba, domin ƙugiyar da ke zamewa ana tsakiyar aiki ta isa ta kashe wa mutum gwiwa.

Lambar ƙugiya tana tafiya ne a juye: yawan lamba, ƙanƙantar ƙugiya. Mai lamba 20 ba ta kai tsawon farce ba. Malaman sana'ar kan shawarci ɗan koyo ya fara da lamba 8 ko 10, da zare mai ɗan kauri wanda ba ya saurin tsinkewa.

Ƙwaron da aka fi farawa da shi shi ne Woolly Bugger, wanda Russell Blessing ya ƙirƙira a jihar Pennsylvania ta Amurka a 1967. Babba ne, kayansa uku ne ko huɗu, kuma ko bai yi kyau ba kifi na kama shi.

Ana soma naɗa zaren daga bayan idon ƙugiya, a gangara zuwa inda ta lanƙwashe. A nan ake ɗaura wutsiya ta gashi mai laushi, tsawonta kamar tsawon jikin ƙugiyar. Sai a naɗa zare mai kauri ya zama gangar jiki, a bi shi da gashin zakara ana zagayawa daki-daki, ta yadda silin gashin za su miƙe kamar ƙafafu. Daga ƙarshe a yi ɗan kai da zare, a ƙulle, a ɗiga gam.

Inda ake tuntuɓe

Kura-kuran 'yan koyo kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Na farko shi ne cika kaya. Ƙwarin ruwa sirara ne, amma sabon hannu kan tula gashi har abin ya zama dunƙule. Na biyu shi ne cinye wurin kai, wato a kai kayan har bakin ido, sai a je kogi a tarar ba ramin zura igiya. Sai kuma jan zare: in ya yi sako-sako kayan su juya, in ya yi tsauri ya tsinke. Maganin da aka fi bayarwa shi ne a ɗaura ƙwaro iri ɗaya sau goma sha biyu a jere kafin a koma wani.

Cewa tsada ba ita ce ke kama kifi ba, misalin Frank Sawyer ya isa shaida. Mai kula da kogin Avon ne a kudancin Ingila, kuma ƙwaronsa mai suna Pheasant Tail, wanda har yau ake amfani da shi a duniya, kaya biyu kawai ya ƙunsa: siririyar wayar jan ƙarfe da 'yan silin gashin wutsiyar wani tsuntsun daji dangin kaza. Ko zare babu.

Batun gashin tsuntsaye

Da dama daga cikin kayan sanannu ne a ƙasar Hausa: gashin zabo, da na jimina, da na ɗawisu, da gashin zomo. Gashi mai laushin nan na wutsiya a da daga jikin babba-da-jaka ake samo shi, amma yanzu na talo-talo ne ake rinawa.

To sai dai akwai ɓangaren da ke da haɗari. A ƙarni na 19 attajiran Birtaniya sun yi yayin ƙwarin salmon masu ado, waɗanda ake haɗawa da gashin tsuntsaye masu wuyar samu daga Kudancin Amurka da Asiya, kodayake salmon ba ya ma cin abinci sosai idan ya dawo kogi domin yin ƙwai. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta taƙaita cinikin irin waɗannan tsuntsaye, amma kwaɗayin gashinsu bai mutu ba.

A watan Yunin 2009 wani ɗalibi Ba'amurke mai karatun kiɗa a London, wanda ya ƙware a wannan sana'a, ya fasa gidan adana kayan tarihi na garin Tring ya sace fatun tsuntsaye 299. Wasunsu masanin halittu Alfred Russel Wallace ne ya tattaro su a ƙarni na 19. Ya fige da dama ya sayar ta intanet, kuma a 2011 kotu ta yanke masa ɗaurin wata 12 na jeka-ka-gyara-halinka. An gano wani ɓangare na tsuntsayen, amma da yawa an cire musu takardun da ke nuna wuri da ranar da aka kama su, abin da ya sa ba su da sauran amfani ga masu bincike.