Abubakar Imam: Malamin Katsina da ya ɗora harsashin ƙagaggen labarin Hausa

Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) marubuci ne, ɗan jarida kuma ma'aikacin gwamnati, wanda masana ke sanyawa a sahun farko na waɗanda suka kafa rubutaccen zube na Hausar boko. Ba a Katsina aka haife shi ba, amma a can ya yi karatu, a can ya koyar, a can kuma ya rubuta littafinsa na farko.

An haife shi a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, don haka ya fara da karatun allo da na Larabci. Daga baya ya koma Katsina wajen yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya kammala a 1932, aka tura shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Wannan kwaleji ce aka mayar Kaduna, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa.

A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, domin waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa in ban da littattafan aji. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Ruwan Bagaja labari ne na yawon neman wani ruwa mai warkarwa, cike da barkwanci tsakanin Alhaji Imam da abokin takunsa Malam Zurƙe.

Ganin hazaƙarsa ya sa East ya nemi aronsa zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce mai juzu'i uku, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930. Ginshiƙin littafin wani aku ne mai ba da labarai domin ya hana ɗan sarki Musa fita ya faɗa tarkon Waziri. Da yawan labaran sun samo tushe daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm, da hikayoyin Indiya. Wannan ne ya sa wasu manazarta ke tambayar ko nasa ne. Amsar tana cikin aikin kansa: ya sauya sunaye, ya mayar da fadojin Bagadaza fadar sarkin Hausa, ya sa karin magana a bakin kowa, har mai karatu ya ɗauka a garinsu abin ya faru. Ilminsa biyu, na zaure da na boko, su suka ba shi wannan iko.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko. A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya yi wakilci a majalisa, ya kuma yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata. Ya kuma wallafa littattafan addini da na tarihin Musulunci.

Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981. Har yau da wuya a sami wanda ya karanta Hausa a makaranta, daga Funtuwa har Babban Mutum a ƙasar Daura, da bai san labarin Waziri Aku ba, kuma da salonsa ake auna marubutan da suka biyo baya.