Sarkin Gobir Yunfa ɗan Nafata da Rikicin da Ya Gada

Cikin jerin sarakunan Gobir, babu wanda sunansa ya sha bakin masu tarihi kamar Yunfa ɗan Nafata. Ya hau gadon sarauta a Alƙalawa wajen shekarar 1803, bai kuwa wuce shekara biyar zuwa shida bisa karaga ba. Amma a cikin wannan ɗan lokaci ne ƙasar Hausa duka ta juya.

Yunfa ya tarar da wuta tana ci tun kafin a naɗa shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya daɗe yana wa'azi a Gobir da Zamfara. A zamanin Bawa Jan Gwarzo, a taron idi na Magami, Shehu ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki ƴan sarƙa, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Da jama'ar Shehu ta yawaita a Ɗegel, sai Nafata ya ga sarautu biyu suna neman zama a ƙasa ɗaya. Ya kafa doka cewa ban da Shehu kada wani ya yi wa'azi, kada ɗa ya bar addinin da ya gada wurin ubansa, maza su ajiye rawani, mata su ajiye lulluɓi.

Sarakunan Gobir musulmi ne, suna da limamai da malaman fada. Abin da Shehu ya tuhume su da shi shi ne gauraya musulunci da al'adun gargajiya, da ɗora wa talaka harajin da shari'a ba ta sani ba. Su kuwa sarakuna, a ganinsu waɗannan al'adu su ne igiyar da ta ɗaure Anna manoma da gidan sarauta. In sarki ya tsinke ta, ya rasa rabin ƙasarsa. In ya riƙe ta, ya rasa malamai. Tsakanin waɗannan biyu Yunfa ya sami kansa.

An ruwaito cewa da farko akwai girmamawa tsakaninsa da Shehu. Abin ya ɓaci ne da dakarun Gobir suka faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, suka kama mutane, suka biyo da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu kuma ta kwance su. Yunfa ya ɗauki wannan a matsayin raina sarauta. A watan Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, jama'a ta yi masa mubaya'a.

A watan Yuni na shekarar aka gamu a Tabkin Kwatto. Yunfa ya zo da dawaki da ƴan lifida da taimakon Abzinawa, amma maharban jama'a, ƙarƙashin Abdullahi ƙanen Shehu, suka kore shi. Gobirawa ba su karaya ba, domin a Tsuntsuwa sun yi wa jama'a mummunar ɓarna, malamai da mahaddata masu yawa suka kwanta. Alƙalawa ta tsaya har 1808, lokacin da Muhammadu Bello ya ci birnin. Yunfa bai gudu ba, a can ya rasu tare da jarumansa.

Birni ya faɗi, sarauta ba ta faɗi ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa Tsibiri daura da Katsinawan Maraɗi. A yau jikokin waɗanda suka yi wa juna jini a Kwatto suna sallah sahu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya.

Allah ya jiƙan magabata duka, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasa lafiya.